Inna Tikiti Ba Ta Ga Fim Ɗin Ba

"Sun saki tallan! Mama, wallahi sun saki tallan!"

Ina cikin ba ta labarin yadda tiren burodi ya ƙone mini hannu a wurin aiki ne Auta ta zabura, ta ture farantinta, ta fizge waya daga caji. Ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Na ji sawunta a kan matakalar bene, sai bugun ƙofa, sai ihun mutum biyu a saman kaina, murya ɗaya siririya, ɗaya a shaƙe kamar tsohon rediyo.

Na dubi hannuna da ke naɗe da bandeji, na dubi abincin da na dafa da hannu ɗaya. Na ɗauko murfi na rufe shi.

Mai shaƙaƙƙiyar muryar ita ce Inna Tikiti, maƙwabciyarmu ta sama. Aikinta ne ya ba ta sunan. Tun tana budurwa take zaune a bayan 'yar taga tana sayar da tikiti a tsohon gidan sinima na bakin kasuwa, har aka rufe shi aka mai da shi ma'ajiyar siminti. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta tilo yana aiki a wani gari mai nisa. Shi ya aiko mata da ƙatuwar talabijin da ta kusa cinye bangon falonta, wai don ta rage kaɗaici. Da talabijin ɗin nan ta ƙwace mini 'ya.

Finafinan da suke haukacewa a kai na jaruman nan ne masu tashi sama da ɗaga motoci da hannu. Kowane jarumi da fim ɗinsa, amma duk a duniya ɗaya suke, wannan ya leƙa labarin wancan, wancan ya leƙa na wannan, in ka tsallake ɗaya ka ɓata. To yanzu an yi shelar za a fito da babban, wanda zai tara su duka wuri ɗaya. A ƙarshen fim ɗin baya wata jaruma mai fukafukai da suke kira Gauraka ta faɗa teku, ba a ga gawarta ba. Wani kuma a cikin jaruman ya ci amanar sauran, ba a nuna fuskarsa ba. A kan waɗannan abubuwa biyu tsohuwa mai jikoki da yarinya 'yar ajin ƙarshe na sakandare suka yi watanni suna musu.

Ta tagar kicin nake jin su.

"Tsayar nan! Koma baya kaɗan. Kin ga inuwar can a jikin bango? Fiffike ne!"

"Inna, labule ne."

"Labulen gidanku! Ni da na yi rayuwata ina kallon allo za ki koya wa bambancin labule da fiffike?"

Sai dariya. Irin dariyar Auta ta har cikin ciki, wadda rabon da in ji ta a falona tun tana firamare. A wurina kalmominta ba su wuce uku ba: "lafiya", "ba komai", "na ƙoshi". Babanta direban babbar mota ne, sai ya yi makonni a hanya, yayyenta duk sun tashi. Mu biyu muka rage a gidan, kuma na san da ta gama jarrabawa ita ma jami'a za ta tafi. 'Yan watannin da suka rage mini da ita, ga su can ana kashe su a sama a kan labule da fiffike.

Na yi wa babanta ƙorafi a waya.

"To ke me kike so?" in ji shi. "Yarinya tana wurin tsohuwa, ba yawo take ba. Ki gode wa Allah mana."

"Ban ce yawo take ba."

"To mene ne?"

Ta yaya mace mai furfura za ta buɗe baki ta ce tana kishi da tsohuwar da ko matakala ba ta iya sauka sai ta huta a tsakiya?

Sai na ce bari ni ma in shiga sahu. A gidan burodi da asuba muke farawa, in mun fitar da zubin farko akan sami ɗan sarari kafin kwaɓin na biyu ya tashi. Na roƙi abokiyar aikina ta buɗe mini ɗaya daga finafinan a wayarta, na zauna a kan buhun fulawa ina kallo. Ban gane komai ba sai rushe-rushen gine-gine. Amma na riƙe sunaye biyu. Da yamma, Auta na wanke kwanuka, na jefa maganar kamar ba da gangan ba.

"Wannan Maƙerin, ai shi ne mijin Gauraka ko?"

Ta juyo da soso a hannu, ta dube ni kamar na zagi wani.

"Mama, shi ya karya mata fiffike a na biyu. Daga baya ne suka shirya, amma ba... Kai, bari kawai. Sai kin fara daga farko."

"Bari kawai." Na fi jin zafin wannan a kan ƙunar tire.

Washegari na ji ta tana ba Inna labarin a sama, suna ta ƙyalƙyatawa. Ranar da gangan na ƙi aika wa tsohuwar burodin da na saba kai mata. Da yamma ta leƙo ta taga ta ce, "Maman Auta, yau tanderun naku yajin aiki yake?" Dole na hau na kai mata.

Ana saura 'yan makonni fim ya fito ƙafafunta suka kumbura har silifa ya daina shiga. Numfashi ya fara yi mata wuya. Ni da mai shagon ƙasa muka kai ta asibiti, ta kwana biyu a can, likita ya ja ni gefe ya ce zuciyar ce ta gaji, a mai da ita gida a lallaɓa ta. Ɗanta ya ce yana neman hutu a wurin aiki, yana nan tafe. A daidai lokacin Auta ta shiga jarrabawar ƙarshe, daga makaranta sai ajin bita, ba ta dawowa sai rana ta yi sanyi. Ni kuwa da azahar nake tashi daga aiki. Haka jinyar ta faɗo a kaina.

Falon nata ƙarami ne. Kujera doguwa da aka tara wa matasai don ta kwanta a jingine, tebur cike da kwalaben magani, fanka mai kuka, sai tsofaffin hotunan finafinai da ta kwaso ranar da aka rufe sinimar, duk rana ta cinye launinsu. Nakan shafa mata mai a ƙafa, in ba ta shayi da cokali, ita kuma idonta na kan ƙofa.

"Ba ta dawo ba?"

"Da saura, Inna."

"Yau lissafi suke da shi. Ba ta son lissafi."

Ban ma san yau lissafi suke da shi ba. Na ci gaba da murza ƙafar, wataƙila da ƙarfin da ya fi kima, don sai da ta ce, "A hankali, ba kwaɓin burodi ba ne."

Wata rana ta sa na kunna mata tallan sabon fim ɗin, ta kalla, ta ce in maimaita, ta sake kalla. Sai ta juyo ta ƙura mini ido.

"Maman Auta, na san haushina kike ji."

"Haba Inna, wane irin haushi?"

"Ke, ni fa fuskokin mutane na yi aikin kallo ta taga. Daga yadda mutum ya miƙo hannu nake sanin ko da budurwa ya zo ko an yaudare shi. Haushina kike ji." Ta tsaya ta ja numfashi. "To ki sani ni ma haushinki nake ji, har ya fi naki."

"Ni kuma? Me na yi?"

"Za ki ga fim ɗin nan. Ke da ba ki san Maƙeri daga Gauraka ba, ke da kika aurar da su, za ki zauna a kujera ki gan shi daga farko har ƙarshe. Ni da na jira shi tun ƙafafuna na ɗaukata, ba zan gani ba. Wannan adalci ne?"

"Za ki gani, in sha Allahu. Ko a keken asibiti ne sai mun tura ki."

"Kar ki yi mini maganar likitoci." Ta rufe ido. "Da ma a ce rabinsa kawai. In san ko ta dawo."

Ban ji tausayi ya wanke mini kishin ba, ƙarya ne in ce ya wanke. Suka dai zauna tare a ƙirjina, kowanne da gefensa.

Ranar da za ta rasu, rana ce mai zafi, ana jin ƙarar injin mai walda daga ƙasan layi. Tun da na shigo na ga leɓɓanta sun canja launi. Na kira ɗanta, ya ce yana cikin mota, ya kamo hanya. Na ce zan aika a ɗauko Auta daga makaranta, ta girgiza kai.

"Takarda ta ƙarshe take rubutawa. Ki bar ta." Ta kamo bakin rigata. "Matso. Zan ba ki saƙo. Kar ki jirkita shi yadda kika saba."

Na sunkuya. Na zaci maganar ɗanta ce, ko ta kayan ɗakinta.

"Ki ce mata na gano. Ba Maƙeri ne ya ci amanarsu ba. Ƙanwarsa ce. Zoben nan da muka gani a tallan, yana hannun hagu. Maimaita."

"Ba Maƙeri ba ne, ƙanwarsa ce. Zoben yana hannun hagu."

"Yauwa. Ashe kina da kai."

Daga nan ba ta ƙara wata doguwar magana ba. Ta nemi ruwa, na ɗiga mata. Ta yi ta motsa baki tana ambaton Allah, ina taya ta. Can mai walda ya kashe injinsa, ɗakin ya yi tsit, sai na lura fanka kaɗai ke numfashi a cikinmu.

Auta ta dawo da biro a hannu, tana murnar an gama. A matakala na tare ta da labarin. Ba ta yi ihu ba, ta dai zauna a inda take, ta sa kai a gwiwa. Sai bayan an kai Inna makwancinta, ɗanta ya rufe ɗakin, mutane sun watse, sannan na ba ta saƙon, kalma bayan kalma yadda aka ba ni.

Ta ɗago da jajayen idanu.

"Ke ta gaya wa?"

"Ni ce a wurin."

"Wata nawa muna neman amsar nan tare, sai ke ta gaya wa? Ke da ba ki ma damu ba?" Ta tashi ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Na tsaya a tsakiyar falo. Na san wannan zafin, na san inda yake cizo. Ban bi ta ba.

Fim ya fito, unguwa ta ɗauka. Yara a layi suna ta faɗin wanda ya mutu da wanda ya dawo, Auta ta toshe kunnuwa ta daina buɗe waya. Ƙawayenta suka zo har gida su tafi da ita, ta ce kanta na ciwo. Sai da aka kusa cire shi daga sinima, wata Asabar da rana, ta fito daga ɗaki sanye da takalmi, ta tsaya a ƙofar kicin tana kallon ƙasa.

"Mama, kina da aiki?"

Ina da wanki cike da baho. Na ce ba ni da komai.

Sinimar a saman wani katafaren kanti take, sanyi kamar cikin firji, mutane tsiraru. Aka kashe fitilu. Na yi ƙoƙarin bin labarin, amma jaruman sun yi yawa, kowa da rigarsa, kowa da fushinsa. Sau biyu Auta ta juyo da sauri ta buɗe baki za ta yi raɗa, sai ta ga fuskata, ta mai da kai ga allo. Na yi kamar ban gani ba.

Can wajen ƙarshe aka cire wa maci amanar abin rufe fuska. Maƙeri ne. Ƙanwar tasa ko fitowar kirki ba ta yi ba. Sai na ji kafaɗar Auta tana rawa a jikin tawa. Na zaci kuka ne, ashe dariya ce, hawaye na zuba.

"Ta faɗi," ta ce a kunnena. "Mama, Inna ta faɗi warwas. Zoben ma ba na kowa ba ne. Da tana nan da sai ta ce masu fim ɗin ne ba su iya ba."

"Ita mai fiffiken fa? Ita ce wadda ta fito daga ruwa ɗazu?"

"Ita ce. A nan kam Inna ta ci." Ta share hanci da bayan hannu. "Zan yi miki bayani a gida. Daga farko."

Kiɗa ya tashi, allo ya yi baƙi, sunaye suka fara hawa. Na ɗauki jakata na miƙe. Auta ta riƙo hannuna ta jawo ni ƙasa.

"Ba a tashi yanzu. Akwai ɗan abin da suke sakawa bayan sunaye."

Na koma na zauna. Mutanen da ke gabanmu suka fice ɗaya bayan ɗaya. A bakin ƙofa wata mai shara ta jingina da tsintsiyarta tana jiranmu. Sunayen suka yi ta hawa, ɗaruruwa, fararen rubutu ƙanana na mutanen da ba mu sani ba, haskensu yana wucewa a kan fuskar Auta, hannunta yana nan a kan nawa.