Ƙasa Mai Laushi

Da kuɓewa aka fara. Samarin ƙungiyar kare muhalli, kowa da koriyar riga, suna tugewa suna jefawa a baro. Yaya na ba da umarni da lasifika, duk da kowa na gaban hancinsa.

Ƙanwarsa na zaune bakin katanga tana yanke farce. Lambun na Inna ne, ɗan fili a bayan gida. A takarda na hukuma ne, amma tun rasuwar Baba shi ke riƙe da tukunyarsu. Shekara da shekaru Inna na zuba masa taki da toka har ƙasar ta yi laushi kamar gari. Laushin nan ne ya ja masa. Shugabar ƙungiya za ta kawo baƙi daga ƙasar waje su dasa itatuwa, an zagaye unguwa kaf, ko'ina ƙasa kamar siminti, hannun manya kuwa ba a so ya yi kanta wajen haƙa. Yaya ne ya ɗaga yatsa ya ce ya san wani wuri. Tun da ya gama jami'a yake yi musu aikin sa kai, an kuma ce ana lura da masu kishi.

Ya zaunar da Inna ya yi mata bayanin ɗumamar yanayi, da narkewar ƙanƙara, da haƙƙin jikokin da ba a haifa ba. Ta tambaya ko za a bar mata alayyahun gefe. Ya ce zai ɓata hoto.

"Inna, duniya ce fa ke ci da wuta."

"To, Allah ya kashe ta. Kai dai su ɗauke ka aiki."

*

Shugaba ta iso da jerin motoci, aka bar su a kunne don kada sanyin ciki ya gudu. Ta yi jawabi kan adalci ga talakan duniya har muryarta ta yi rawa. Ta rungumi Inna, mai hoto ya ce tsohuwa ta cire takalmi, zai fi fitowa. Inna ta cire.

Ƙanwa ta ga ana saka dashen a rami da baƙar ledarsa. Ta taɓo Yaya.

"Ranka ya daɗe, ba a cire musu wando?"

Ya ce abin da ba ta karanta ba ta daina sa baki.

Ƙurar motocin ba ta gama kwanciya ba motar a-kori-kura ta iso. Samarin suka bi ramukan suna zaro itatuwan ɗaya bayan ɗaya, suna kaɗe ledar a hankali. Haya aka ɗauko su, gobe akwai biki a wata unguwa.

*

Aikin dai ɗan yayar Shugaba aka ba. Yaya aka bar masa rigar, ya shige ɗaki da ita, ya daina fitowa sai cin abinci.

Da asuba Inna ta ɗauki bokiti da ƙullin iri, Ƙanwa ta bi ta. A tsakiyar ramukan an kafa allon ƙarfe, an zuba masa siminti a gindi. Inna ta ce a karanta mata.

"Dajin Al'umma. An hana noma, kiwo da zubar da shara."

Inna ta dubi dajin, ta dubi bokitin. Ruwa dai an riga an ɗebo, mayar da shi nauyi ne. Ta tsiyaye shi a gindin allon, a hankali, don kada ya fallatsa.