Rubutun Ƙofar Gidan Al Asmakh

Shekara goma sha tara Gado yana kwana a tsohon gidan nan na unguwar Al Asmakh, can ƙasar Larabawa, ya fita gadi ya dawo, ba wanda ya taɓa ce masa gidan yana da tarihi. Sai da aka liƙa takardar rushewa a ƙofa, sannan ga Sharafaddeen, wani Bahaushe ɗalibin jami'a, da jaka da ƙaton tabarau.

Shi fa wannan Sharafaddeen a wani ɗan gari na Wales ya yi digiri na biyu, kuma ko tari ka yi sai ya gaya maka. Wai can kowane lungu da littafinsa, kowane kanti an san kakan mai shi. To, sannu da ƙoƙari!

"Baba Gado," in ji shi, "in aka tabbatar gidan nan na tarihi ne, ba za a taɓa shi ba."

Gado dai ɗakinsa yake so. In aka rushe, sai sansanin ma'aikata can bayan gari, mutum takwas ɗaki ɗaya, ga shi gwiwa ta fara ciwo. Don haka ya haɗiye haushi, ya bar yaron yana ta shinshine bango.

Rana ta uku Sharafaddeen ya yi ihu. Ya ga rubutu an karce a katakon ƙofar ciki, haruffan Larabci ne amma Larabcin bai karantu ba. Nan take ya yanke hukunci: tsohon yaren masu nutson lu'ulu'u ne, ya haura shekara ɗari. Gado ya leƙa, ya gane abin sarai, ya ja bakinsa ya yi gum.

Ran Lahadi aka zo da jami'in hukuma da zai duba ko gidan na tarihi ne, Balarabe mai fayil a hannu. Sharafaddeen ya yi ta zuba, har jami'in ya fara gyaɗa kai yana rubutu. Can ya nuna Gado ya ce, "Wannan fa? Ko ya san wani abu?"

"Ina!" in ji Sharafaddeen, yana dariya. "Leburori ne kawai, ko karatu ba su iya ba."

Wallahi maganar ta ƙona Gado har ƙahon zuci. Shi da ya sauke Alƙur'ani tun uban yaron nan bai yi aure ba? Ya matso, ya ɗora yatsa a kan katakon, ya dubi Sharafaddeen.

"Dakta, ajami ne. Hausarka ce ta gida. Ɗantala direba da ya zauna a gidan nan ya karce shi da ƙusa, ina tsaye." Ya karanta da ƙarfi: "Wanda ya ɗauki bokitina, Allah ya isa." Bai tsaya nan ba, sai da ya fassara wa jami'in da Larabci, kalma bayan kalma.

Kunya ta rufe Sharafaddeen. Daɗi ya kama Gado, har ya fara murmushi.

Jami'in ya rufe fayil. "Khalas," ya ce, wato shi ke nan, ya dubi Gado. "Sati biyu, ku kwashe kayanku."