Tsakuwar da Ta Rage

A shekarun da Birnin Kebbi take ƙarƙashin Jihar Sakkwato, idan bikin kamun kifi na Argungu ya zo, ba kifi kaɗai ake kallo ba, har da tseren motoci. Motocin sukan biyo ta Birnin Kebbi, su ratsa Ambursa, su nufi Argungu da irin gudun da ke sa tsofaffi salati. A kowace muguwar kwana akan ajiye 'yan sa-kai biyu. Ɗaya yana riƙe da jar tuta yana yi wa direbobi ishara su sassauta, ɗayan kuma yana busa usur yana korar mutane da jakuna daga hanya. Ba a biyan kowa komai. Ladan aikin shi ne a gan ka, kuma kowa ya san mai tuta ake gani, mai usur jin sa kawai ake yi.

Kalilu, bakaniken babura a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, ya yi shekara huɗu yana busa usur a kwanar tsamiya, bayan Ambursa kaɗan. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji da saurin fushi, amma kowa ya shaida ya san aikin. Daga ƙarar inji yakan gaya maka wace mota ke zuwa tun ba ta bayyana ba. Shi ya ƙirƙiro dabarar tsakuwa: idan an ce motoci kaza za su taso, sai ya ɗebi tsakuwa kaza ya zuba a aljihu, kowace mota ta wuce ya jefar da guda. Muddin akwai tsakuwa a aljihu, to akwai mota a hanya. A bana tsohon mai tutar kwanar ya koma Yawuri da zama, don haka Kalilu ya sa wa ransa tuta tasa ce. Har sabuwar riga ya ɗinka.

Da bakinsa ya janyo wa kansa. Bara shi ya lallaɓo taubashinsa Maliki, manomin albasa a Ambursa, ya kawo shi cikin aikin don ya samu abokin hira. Shi ya koya masa inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa, ya koya masa dabarar tsakuwar. Maliki dogo ne kamar giginya, ga fara'a, irin mutanen nan da ko ba su yi komai ba sai an so su.

Ranar rabon aiki, Malam Yari, shugaban masu tsaron hanya, ya tara su a inuwar wata makaranta. Ya maimaita abin da yake faɗa kowace shekara.

"Kak ku ba mota baya, ko mi ad dalili. Kak ku tsaya wajen da mota ka zubewa in ta ƙwace, ku tsaya ciki, bisa tudu, kuma ku san ta inda za ku gudu tun ba ta taso ba. Hanya ba ta buɗe ba sai kun ga Landirobata da koriyar tuta."

Sannan ya fara miƙa tutoci. Da aka zo kwanar tsamiya, Kalilu ya riga ya ɗaga ƙafa zai fito, sai ya ji an kira Maliki.

"Dogo na, direba shina hangen shi tun daga nesa," in ji Malam Yari. "Kalilu, ka riƙe usur ɗinka, ba mu da kamarka wurin."

Maliki ya karɓi tuta yana dariya, ya juyo da wasan taubasantaka. "Kak ka damu, taubashi. In ka matsu sai in aza ka bisa kahwaɗa ka kaɗa ta kaɗan."

Aka fashe da dariya. Kalilu ma ya yi, amma tasa ba ta wuce haƙora ba. Da ya koma gida ya faɗa wa matarsa Riskuwa, yana jiran ta taya shi jin haushi. Ita kuwa tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ashe Maliki anka ba? Ai ko za ta yi mai kyau." Wannan magana ta fi ta Malam Yari ciwo. Hassada ta shiga Kalilu ta yi zaune, kuma shi kansa ya san sunanta, bai dai damu ba.

Ranar tsere suka isa kwanar tun da hantsi. Hanyar burji ce, ta miƙe sak daga yamma, sannan ta karya hagu ba zato. Motar da ta kasa karyawa gaba take zarcewa, kuma a nan gaban wata tsohuwar tsamiya take, ita kaɗai ce inuwa a wurin. Wurin tsayawar masu tsaro wani tudu ne a cikin kwanar, rana tsagwaronta. An ce motoci ashirin da uku ne. Kalilu ya ƙirga tsakuwa ashirin da uku ya zuba a aljihun sabuwar rigarsa. Maliki bai ɗebi ko ɗaya ba, ya ce mai tuta hannunsa ba ya da sarari.

Motoci suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, minti biyar ko goma tsakani. Kalilu ya yi ta fama. Ya kori masu kallo daga gindin tsamiya sau ba adadi, ya tare wani mai jaki da buhunan albasa da ya dage sai ya tsallaka, ya busa usur har kumatunsa suka yi tsami. Maliki kuwa yana bisa tudu yana kaɗa tuta, direbobi na ɗaga masa hannu, mutanen Ambursa na kiran sunansa. Wani mai ɗaukar hoto ya tsaya a babur ya ɗauke shi sau biyu, ya ce da Kalilu ya ɗan matsa, yana tare masa haske.

Bayan mota ta ashirin da biyu sai hanya ta yi shiru. Rabin awa ya wuce, aka doshi awa guda. Masu kallo suka watse neman ruwa da inuwa. Rana ta goce, azahar ta yi har tana neman wucewa. Maliki ya share gumi, ya dubi tsamiya, ya dubi Kalilu.

"Taubashi, sun ƙare ko?"

Hannun Kalilu yana cikin aljihu, yana juya tsakuwa guda da ta rage. Ya san amsar. Amma a daidai lokacin wani tunani ya faɗo masa, mai daɗi kamar zuma. Motar da ta yi awa guda ba ta zo ba ai ta lalace a hanya, wannan ko yaro ya sani. Abin da zai biyo baya Landirobar Malam Yari ce, tana tafe a hankali. Idan Malam Yari ya iske mai tutarsa ya ajiye tuta, yana gindin tsamiyar da aka hana, ya ba hanya baya, to magana ta ƙare. Ba sai Kalilu ya kai ƙarar kowa ba.

Ya ɗage kafaɗa. "Ka dai ga shiru."

Bai yi ƙarya ba, haka ya gaya wa zuciyarsa. Maliki ya yi alwala da ɗan ruwan butarsu, ya ɗauki tabarma ya tsallaka hanya. Ya shimfiɗa ta a inuwa, ya jingina tuta da tsamiya, ya fuskanci gabas. Daga yamma motoci ke zuwa, don haka ya ba su baya ke nan gaba ɗaya.

"In na sallame kai ma ka yi. Tsare min baya," ya ce, sannan ya kabbara.

Kalilu ya tsaya bisa tudu yana kallon dogon bayan nan, yana kasa kunne ya ji gurnanin Landiroba. Maliki na cikin raka'a ta biyu sai ƙara ta taso daga nesa. Kalilu ya yi murmushi, amma murmushin bai daɗe ba. Landiroba gurnani take yi ƙasa-ƙasa kamar tsohon sa. Wannan kuwa kuka ne siriri, na injin da aka taka har ƙasa. Ashe motar an gyara ta, kuma direbanta na neman rama awa gudan da ya ɓata. Ba tuta a kan tudu da za ta gaya masa akwai kwana.

Ya busa usur da iyakar ƙarfinsa. Maliki bai motsa ba. Ya tafi sujada, kuma tun safe yake jin usur ɗin nan har kunnensa ya saba. Kalilu ya kira sunansa, ƙarar inji ta haɗiye muryar. Dokar ita ce ba a tsallaka hanya mota na tafe, kuma Kalilu bai taɓa karya ta ba a shekara huɗu. Ya diro daga tudu, ya keta burjin da gajerun ƙafafunsa, ya cafki Maliki ta wuyan riga ya fizge shi, suka gangara tare cikin wani rami a bayan tsamiya.

Motar ta zo ta taka birki a makare. Ta juya gefe, ta zarce, ta bi ta kan tabarma, ta goge jikin tsamiya, ta tsaya cikin gonar albasa. Direban da abokinsa suka leƙo, suka ga mutum biyu na motsi a rami, suka ɗaga hannu, suka ja baya suka hau hanya suka ci gaba. Tabarma ta zama tsumma. Buta ta baje. Tutar ce kawai ta faɗi gefe ba abin da ya same ta.

Suna zaune a bakin ramin sai ga Landirobar da koriyar tuta. Malam Yari ya sauko ya dubi sawun taya, ya dubi tabarma, bai buƙaci bayani ba. Ya wanke Maliki tas, wankin babban bargo. Maliki bai musa ba ko kalma ɗaya. Ya tashi ya ɗauko tutar, ya kakkaɓe ta, ya miƙa wa Kalilu da hannu biyu.

"Malam, laihina na. Wanga shi ya cancanta tun hwarko. Wallahi da wani na ba Kalilu ba, ba ni ba hanya baya in yi salla. Don na san shi ab bayana shi yas sa hankalina yak kwanta."

"Riƙe ta, Kalilu," in ji Malam Yari. "Daga yau kwanar ga taka ta." Ya hau motarsa ya nufi Argungu.

Ga tuta a hannun Kalilu, abin da ya kwana huɗu yana ƙuna a kansa. Sanda ce kawai da ƙyalle. Ya so ya ji daɗi, daɗin ya ƙi zuwa. Da Maliki ya zage shi, ko ya ce ina amfanin usur ɗinsa, da ya samu abin riƙewa. Amma yabo aka ba shi, kuma yabon ya tsaya masa a wuya kamar ƙayar kifi. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

Ya sa hannu a aljihu, ya kamo hannun Maliki, ya ajiye masa tsakuwar a tafi.

Maliki ya dube ta. Da farko bai gane ba, har ya fara murmushi yana neman abin tsokana. Sai murmushin ya tsaya. Shi aka koya wa dabarar nan a wannan tudun, ya san abin da tsakuwa guda a aljihu take nufi. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗago ya dubi Kalilu.

"Tana nan sa'adda nit tambaye ka?"

"Tana nan."

Maliki bai ɗaga murya ba, bai kuma tambayi dalili ba, don idonsa ya sauka kan tutar ya ga dalilin. Ya jefa tsakuwar a aljihunsa. Ya taka zuwa rijiyar gonar albasa ya ja ruwa ya sake alwala, Kalilu ya bi shi ya yi tasa. Duk cikinsu ba wanda ya sauke azahar. Hanya ta buɗe yanzu, inuwar tsamiya ta halatta. Maliki ya cire rigarsa ya shimfiɗa a madadin tabarma.

Tun suna yara, in su biyu ne, Maliki ke jan salla, don ya fi Kalilu karatu. Kalilu ya ajiye tuta ya ja baya kaɗan ta hannun dama, inda ya saba tsayawa. Maliki bai shiga gaba ba. Ya nuna masa rigar da hannu.

"Wuce ka ja mu, Kalilu," ya ce, kuma bai ce taubashi ba. "Ba ni sake ba ka baya."