Murfin Kabad ɗin Kuku

Akuyar A'i maƙwabciyata ce ta tona mana asiri. Na dawo daga tallan daddawa, ƙafafuna sun yi tsami, na tarar da ita a madafi ta zura kai cikin kabad, ta suɗe akushin tuwo tas. Maigidan kuwa yana zaune a bakin ɗaki, wai shi ya ci ya ƙoshi. Ƙarya yake yi. Daga inda nake tsaye ina jin cikinsa yana ƙugi.

Za ku ce me ya kawo kabad gidan talaka a Gagarawa. Mijina, wanda duk gari ke kira Kuku, shekara goma sha ɗaya ya yi yana dafa wa Turawa abinci a barikin Gumel, har hayaƙi ya cinye masa idanu. Bayan yaƙin Jamus aka sallame shi, aka ɗoro masa wani ɗan kabad na katako mai raga a kan jaki, wai tukwici. Na daɗe ina harararsa, sai daga baya na san amfaninsa. A jikin ƙarfen da murfin ke juyawa a kai akwai wata 'yar murɗaɗɗiyar waya, in ka buɗe ka saki, murfin ya koma da kansa a hankali. Ita ce take ba ni damar fita nema. In ajiye masa tuwo da fura, ya bi igiyar da na ɗaura daga ɗaki zuwa madafi, ya ɗauki na rana, murfi ya rufe a kan na la'asar. Ba mu da mai tsaron gida, 'ya'ya ukun da na haifa duk sun koma.

To wayar nan ta karye. Ya tura murfi ya juya, murfi ya sake buɗewa a bayansa. Na ɗaure da tsumma, akuya ta cinye tsumman. Na tokare da dutse, ya yi tuntuɓe da dutsen ya fasa farce. Kwana biyar yana wuni da yunwa yana ɓoye mini.

Magana ta kai garin Sule Tankarkar, ta shiga kunnen wansa Hamma. Ran Litinin sai ga shi, ko ruwa bai sha ba.

"Larai, kin yi ƙoƙari, ba na musu," in ji shi. "Amma ɗan'uwana ba zai mutu da yunwa dabba tana cin abincinsa ba. Ran Alhamis zan zo da jaki in tafi da shi. Ke kuma ki koma wajen danginki a Maigatari ki huta."

"Yaya, waya ce fa kawai ta karye," na ce.

"In na zo na ga yana iya ciyar da kansa ba kya nan, shi ke nan. In ban gani ba, kada ki roƙe ni."

Kuku dama gaban wansa ba ya ɗaga murya. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara talatin muna tare, a ce 'yar waya da ba ta kai ɗan yatsa ba ita za ta raba mu!

Na ƙulle guntayen a gefen zane na nufi maƙera. Ubale maƙeri ya jujjuya su a tafin hannu, ya yi dariya.

"Inna, wannan ai tarko ne ƙarami. Turawa ma ashe ɗana tarko suke yi wa abincinsu?"

"Kai dai ka ƙera mini, Malam Ubale. Ban zo raha ba."

Ta farko ya tsoma ta a ruwa da zafinta, yadda yake yi wa fartanya. Yana lanƙwasawa ta ɓalle gida biyu. Talata ke nan ta tafi. Ta biyu ya bar ta ta huce a toka, ta fito laƙwas, murfi ya buɗe ya tsaya yana kallonmu. Ni ce jigila tsakanin gida da maƙera, ga daddawa ba a sayar ba, ga ruwa ba a ɗebo ba, ga bayana yana ciwo. Wallahi a ranar na zauna a kan turmi na yi kuka, ba don komai ba sai gajiya.

Ran Laraba Ubale ya yi zuciya. Ya ɗauko ƙarfen da yake yi wa maharba tarkon dila da shi, ya ja shi siriri, ya murɗa, ya tsoma a man gyaɗa. Da la'asar ya zo ya ɗaura. Ya ja murfin da hannu biyu ya saki. Ƙwas! Kajina suka watse.

"Ko kura ba ta buɗe wannan," in ji shi, yana share gumi.

Kuku ya karkato kunne daga bakin ɗaki. "Larai, wannan ba ƙararsa ba ce."

"Ƙara za ka ci?" na ce masa. "Ya rufu ko bai rufu ba?"

Da na san abin da zai biyo baya, da na kama hannunsa na kai shi ya gwada. Amma na gaji, na ce gobe da safe.

Hamma bai bar mu mun ga safiyar ba. Hantsi bai ɗaga ba ya iso da jakinsa, har da shimfiɗa a bayansa. Ya zauna a kan tabarma a tsakar gida.

"To, in gani. Ke Larai, zauna nan, kada ki motsa."

Kuku ya tashi ya kama igiya, ya bi ta har madafi. Na san yadda yake yi tun yana bariki: ya ja murfi da hagu ya saki, ya zura dama, murfin ya zo a hankali ya jingina da hannunsa. Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Na buɗe baki.

Ƙwas!

Daga inda muke bayansa kawai muke gani. Ya tsaya cik. Ko numfashi ban ji ya ja ba. Can sai ya sake jan murfin, ya tokare shi da kafaɗa, ya fito rungume da akushi a hannun hagu, damansa a cikin riga. Da gwiwar hannu ya bi igiyar. Ya dire akushin gaban wansa.

"Bismilla, Yaya."

"Kai fa?"

"Azumin Alhamis nake yi."

Mutumin da a shekara talatin ban taɓa ganin ya ƙara ko kwana ɗaya a kan watan azumi ba! Na sunkuyar da kai. Hamma ya ci loma uku, ya tashi ya je ya ja murfin da kansa, ya saki, ya gyaɗa kai. Da zai tafi ya miƙo hannu, sai Kuku ya durƙusa har ƙasa yana yi masa Allah ya kiyaye hanya, kamar yadda yake yi tun suna yara. Hamma ya ji daɗi, ya dafa masa kai, ya ja jakinsa ba kowa a kai.

Muka kasa kunne har ƙarar kofato ta ɓace.

"Ya tafi?" in ji Kuku.

"Ya tafi."

Sai ya zaro hannun. Yatsu biyu sun kumbura sun yi baƙi, farcen na tsakiya ya tsage, cikin rigar duk jini. Na tashi a fusace na ɗauko muciya, zan ɓamɓare wayar in kai wa Ubale abinsa.

"Larai, bar ta," ya ce. "Yaya zai dawo bayan girbi ya duba. Zan koyi hannunta."

Na ajiye muciyar, na ɗora ruwan zafi na zuba gishiri. Azumin kuma ya ƙi karyawa, wai ba zai yi wa wansa ƙarya biyu a rana ɗaya ba. Da aka kira magariba ni na ba shi tuwon a baki, loma-loma, yana cewa miyar ta yi gishiri.