Kafin a Isa Naryn

Baffa Asanbek da sauran dattawan dangi ne suka aiki Ermek filin jirgin Bishkek ya ɗauko Kanybek, ɗan baffansa. Mahaifiyar Kanybek ta rasu tun jiya. A waya an ce masa jiki ya yi tsanani, ya taho. Haka ake yi. Ba a gaya wa mutum mutuwar uwarsa a waya ko a kan hanya. Sai ya iso gida, babba ya zaunar da shi, ga hannuwan da za su riƙe shi. Aikin Ermek shi ne ya kai shi ƙauyensu a Naryn bai sani ba.

Kanybek ya sauko daga jirgin Mosko tare da matarsa Larisa, 'yar Rasha, ma'aikaciyar asibiti. Tun a gari ya fara tsokanar Ermek, wai motar ta girmi direbanta, wai tumbi ya zo aure ya ƙi zuwa. Ya tambayi jikin tsohuwa. Ermek ya ce tana kwance.

Larisa tana baya, tana kallonsa ta madubi. Ta tambayi maganin da ake ba tsohuwa, da ko tana cin abinci. Ermek ya yi ta kame-kame.

Suka tsaya a kan tudu inda mata ke sayar da nonon goɗiya. Kanybek ya tafi saya wa tsohuwa, don tana so. Larisa ta matso.

"Ta mutu, ko?"

"Matar yaya, ki bari mu isa. Don Allah."

Ta ce a wurinsu wannan zalunci ne. Mutum yana ta dariya, kowa ya sani sai shi, kuma duk ranar da ya tuna dariyar nan ba zai yafe wa kansa ba. Ermek ya ce a nan wanda ya faɗa a hanya shi ne azzalumin. Ta ce ita ba ta taɓa ɓoye wa mijinta komai ba, ba za ta fara da uwarsa ba.

Ta je ta same shi. Ermek bai ji me ta ce ba. Ya dai ga Kanybek ya zauna a kan tsakuwa a bakin titi, yana kuka kamar yaro, manyan motoci na wucewa. Masu nono suka kau da kai. Larisa ta rungume shi. Ermek ya tsaya a jikin mota, ya rasa inda zai sa hannunsa.

Suka ci gaba da tafiya har rufin gidajen ƙauyen ya bayyana.

"Ƙanena," in ji Kanybek, "kada Baffa Asanbek ya san na ji. Na san tun jiya yake shirya yadda zai gaya min. Ka bar tsoho ya yi aikinsa."

An kafa tantin makoki a tsakar gida. Baffa Asanbek ya tare su tun a ƙofa, ya kama hannun Kanybek, ya zaunar da shi. Ya ɗauko zancen daga nesa har ya iso kan maganar. Maza suka matso don su riƙe shi.

Kanybek ya sunkuyar da kai. Hawaye ko ɗigo babu, ya zubar da su duka a hanya.

A bayan Ermek wata gwaggo ta raɗa wa ta kusa da ita cewa Mosko ta busar wa yaron nan da zuciya, uwarsa guda amma ko ido bai jiƙa ba. Zancen ya bi layin mata. Ermek yana ji, ya buɗe baki, ya tuna abin da aka roƙe shi, ya rufe.