Jajayen Ƙyallayen Sati

Ranar Asabar aka kori Sati daga aiki, kuma ba wanda ya tsaya ya tambayi Mama Louisa ko ta san wani abu. Wa zai tambayi mai wankin tawul? Takarda ɗaya aka miƙa masa, aka ce sakacinsa ya karya jirgi, ya kusa kashe mutum, za a soke bizarsa, ya fara haɗa kaya. Shekara shida yana lallaɓa jiragen nan kamar jarirai, aka gama da shi a tsaye, ko kujera ba a ba shi ba.

Wurin kulob ne na masu tuƙin kwale-kwale a bakin tekun Dubai. Kada ku ji kwale-kwale ku zaci irin na kogin Kaduna. Waɗannan dogaye ne, sirara, da wani abu marar nauyi da ake kira kabon aka yi su, mutum biyu su ɗauka ba nishi. Mutum ɗaya ke zama a kan 'yar kujera mai gudu gaba da baya, filafili biyu a hannu, ya juya wa inda za shi baya, ya yi ta ja har ya wuce duwatsun da aka jibge don tare igiyar ruwa, ya shiga tsakiyar teku. Cikin jirgin a rufe yake ruf, iska ce kawai a ciki, ita ke hana shi nutsewa. Gaba da baya akwai murfi mai murɗawa, faɗinsa kamar bakin kwanon sha.

To, zafin Dubai ba ya wasa da kowa. A bar jirgi a rufe cikin watan Agusta, iskar ciki ta kumbura, sai ya tsage a mahaɗi. Shi ya sa kullum in an fito daga ruwa, Sati zai wanke gishiri, ya kwance murafan, sannan ya ɗaura jan ƙyalle a ƙarfen da ke riƙe filafili. Jan ƙyalle na nufin jirgi a buɗe yake, a rufe kafin a sa shi a ruwa. Dabararsa ce, ba a rubuta ta a ko'ina ba. Masu tuƙi duk sun sani. Mama Louisa ce kawai ba ta sani ba, don ba wanda ya ga ta isa a faɗa mata.

Yayar mahaifiyarsa ce, daga Kagoro. Ita ta raine shi bayan uwarsa ta rasu. Ta zo Dubai ne tana yi wa wasu girki, da suka koma Abuja Sati ya nema mata wanki da goge-goge a kulob. Shekararta hamsin da takwas, gwiwa ɗaya na ciwo, bakinta kuwa lafiya lau.

Ranar Alhamis Kyaftin, Baturen da ke kula da wurin, ya ce masu ɗaukar hoto za su zo, yana son ko'ina ya yi ƙal. Da yamma, Sati ya tafi kasuwar Sabkha sayen gam da kusoshi, ta shiga rumfar jirage da tsintsiya. Ta ga ƙyallaye tara, sun sandare da gishiri, sun yi baƙi da maiƙo.

“Ji ƙazanta,” in ji ta. “Kamar ba ni na raine shi ba.”

Ta kwance su duka, ta jiƙa, ta sa ƙarfi ta wanke, ta shanya a bayan ɗakin wanki. Ta ɗauka na goge hannu ne.

A can Juma'a ce ranar hutu, ita ce kuma ranar sujadar Kirista. Da sassafe ita da Sati suka hau bas daga Al Warsan zuwa coci a Jebel Ali. A daidai lokacin Injiniya Ɗalhatu ya iso kulob. Bakano ne, yana aiki a kamfanin gine-gine, shekara biyu ke nan yana tuƙi, har ya fara shirin gasa. Ya duba jirgi, ba ƙyalle. Ya sa hannu a littafin fita cewa ya binciki komai, ya tura jirgi ruwa. Cikin duwatsu ruwa kwance yake, bai ji komai ba. Yana wuce su igiyar ruwa ta fara hawa bayan jirgin, tana zuba ta bakin murfi. Jirgi ya yi nauyi, ya ƙi juyawa, ruwa ya ja shi ya maka da duwatsu. Jirgin ceto mai inji ya ciro shi, hannu a yanke, ya sha ruwan gishiri har ya ƙoshi. Hancin kwale-kwalen ya dare gida biyu.

Da aka tambaye shi, ya ce ba ƙyalle. Sati ya rantse ya ɗaura. Aka je rumfa, ba ƙyalle ko ɗaya. Magana ta ƙare.

Mama Louisa ba ta haɗa wannan da wancan ba sai ranar Lahadi. Ta samu Sati a rumfa yana zuba kayan aikinsa a kwali. Ta zo da ƙyallayen a ninke, har guga ta yi musu, don ta ɗan faranta masa.

“Ungo tsummokaranka. Ko tafiya za ka yi, kada ka bar musu ko zare.”

Sati ya kalli hannunta. Ya daɗe yana kallo. Sai ya miƙe ya ja ƙofar rumfa.

“Mama, sa su a jakarki. Kada kowa ya gani.”

“Sata na yi?”

“Ki dai sa.”

“Sati, dube ni. Ni za ka yi wa magana a dunƙule? Buɗe baki.”

Ya faɗa mata amfanin ƙyallayen. Ta zauna a kan bokiti ba ta shirya ba. Ƙyallayen na kan cinyarta, jajur, suna ƙanshin sabulu.

“Shekara uku ina share wurin nan,” in ji ta. “Kullum sai na wuce su. Bakinka ciwo yake da ba za ka ce, Mama, wannan ba na taɓawa ba ne?”

“Ban yi tunani ba.”

“Ba ka yi tunani ba. Kai ba ka yi tunani ba, Kyaftin bai yi tunani ba, kowa bai yi tunani ba, sai ni jaka mai wanki.”

“Mama, khalas, magana ta ƙare. An riga an kore ni. In kika yi magana, mu biyu za a kora. Ni ina da sana'a a hannu, zan samu wani wurin. Ke wa zai ba ki biza a shekarunki?”

“Da takardar da ta ce ka kusa kashe mutum? Wane wuri? Ko wankin mota ba za a ba ka ba.”

Ta ce sai ta je gaban Kyaftin ta faɗi abin da ya faru.

Turancinta bai wuce na gaisuwa da na tawul ba. Sati ya ce ko za ta yanka shi ba zai yi mata tafinta ba. Sai ta ɗauki bokiti da abin goge ƙasa ta tsaya a bakin ɗakin canja kaya, don ta ji Injiniya zai zo kwasar kayansa bayan la'asar. Ya fito da jaka a kafaɗa, hannu a naɗe da bandeji. Ta tura bokitin gabansa.

“Sannu, Mama.”

“Yauwa, Injiniya. Ya jiki?”

“Da sauƙi, alhamdulillah.”

“Allah ya ƙara sauƙi. Tambaya ɗaya gare ni. Ranar nan, ka taɓa murfin da hannunka?”

“Mama, ba ƙyalle fa. Wallahi ba ƙyalle.”

“Na sani. Ni na cire. Ga su.” Ta buɗe jaka ya gani. “Ba ƙyalle na tambaye ka ba. Murfi. Da hannunka.”

Ya gyara jakar kafaɗarsa. Ya kalli ƙofa.

“Na kusa mutuwa, Mama. Kin san haka? Ina jin ruwa yana ja na, ina tuna 'ya'yana.”

“Na sani, ɗan nan. Tun da na ji labari nake gode wa Allah da ya bar ka. Amma ka fito, ga ka a tsaye da takalmi mai kyau. Sati ne yanzu a cikin ruwan. Ka taɓa ko ba ka taɓa ba?”

“Ban taɓa ba.”

“Amma ka rubuta ka taɓa.”

“Kowa haka yake yi. Muna ganin ba ƙyalle, mu sa hannu, yalla, mu wuce. Don mun yarda da shi ne.”

“Kun yarda da shi! Kai, wannan yarda ta yi kyau. To, muje wurin Kyaftin. Ni ba ni da Turanci, kai kana da shi har da na sayarwa. Abin da na faɗa, ka faɗa.”

“In na faɗi haka za su cire ni daga gasa.”

“Ni kuma za su cire ni daga ƙasar. Muje.”

Ba ta san ko tsoron Allah ne ko kunyar furfurarta ba, amma ya bi ta. Ta leƙa rumfa ta jawo Sati da hannun riga, ta ce ba sai ya ce komai ba, kunnensa kawai take so.

Kyaftin na zaune gaban kwamfuta, sanyin ofis kamar cikin firji. Ta zube ƙyallaye tara a kan teburinsa. Ta fara. Ta ce shi ya ce a share, ta share. Ta ce ita ta cire, ita ta wanke, kuma da an ɗauke ta mutum an faɗa mata amfaninsu da ko kallonsu ba za ta yi ba. Ta ce wurin da ran mutane ke rataye a jikin tsumma, amma ba a iya rubuta layi ɗaya a bango ba, laifin mai wurin ne. Ta ce an kori yaronta ba a kira kowa ba.

Ɗalhatu ya juya ya yi magana kaɗan ya yi shiru.

“A'a,” in ji ta. “Na yi magana mai tsawon igiyar shanya, kai ka faɗi kalma uku ka tsaya? Sati, me ya ce?”

Sati ya sunkuyar da kai. “Ya ce kin wanke su bisa kuskure, kina ba da haƙuri.”

“Wa ya ba da haƙuri? Ni? Ban kai nan ba tukuna. Injiniya, koma farko. Har da na bangon.”

Ya koma farko. Wannan karon ya daɗe, kuma ta ga kunnen Kyaftin ya yi ja, ta san saƙo ya isa. Da Ɗalhatu ya gama nata ya tsaya, ta zuba masa ido. Ya share gumi duk da sanyin, ya ci gaba a hankali, yana nuna littafin fita da hannunsa mai bandeji.

“Yanzu fa?” ta tambayi Sati.

“Nasa yake faɗa, Mama. Duka.”

Kyaftin ya jawo littafin ya buɗe shafin Juma'a. Ya duba sa hannun Injiniya. Ya ɗauki ƙyalle ɗaya ya juya shi, ya ajiye. Ya yi waya ya daɗe. Sannan ya yi hukunci: Injiniya ba zai ƙara fita teku shi kaɗai ba sai bayan wata uku, gasa kuwa babu. Mama Louisa takardar gargaɗi, da hutun dole na mako biyu. Sati ya dawo aiki gobe.

Aka buga takardarta. Ta dangwala babban yatsa a tawada ta manna ba gardama.

“Wannan tawa ce, na ɗauka. Ina ta Sati?”

“Mama, ya ce in dawo, shi ke nan,” in ji Sati. “Don Allah mu tafi.”

“Da takarda aka kore ka, da baki za a dawo da kai? Gobe wani Kyaftin ya zo ya buɗe fayil, wace zai gani? Injiniya, ce masa ya rubuta.”

Kyaftin ya ɗaga hannu biyu sama, ya ce wani abu da ba ta nemi a fassara ba, ya rubuta. Ta karɓa ta miƙa wa Sati, don ita baƙin rubutu duk ɗaya ne a wurinta.

“Karanta da Hausa. Shwaiya shwaiya, a hankali.”

Ya karanta. An janye kora, ya ci gaba da aikinsa kamar da.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

“Ba a ce ba laifinka ba ne?”

“Ba a ce ba.”

Ta karɓe takardar ta mayar kan tebur, ta tura ta da yatsa har gaban Kyaftin. Ta jawo kujerar da ba wanda ya ce ta zauna a kai, ta zauna, ta miƙe gwiwar mai ciwo. Ɗalhatu bai jira ta ce masa komai ba, ya fara fassara wa Kyaftin abin da take so.

Layi ɗaya aka ƙara, cewa ba laifinsa ba ne, aka buga hatimi. Sati ya karanta, ta sa shi ya sake daga farko. Sannan ta ce ya je ya zazzage kwalin nan, kayan aiki ba sa son zama a cunkushe.