Abin da Ashesh-babu Ya Sani

"Ajiye a kan littattafan nan, Boudi," in ji Ashesh-babu daga kan gado; haka yake kirana, wato matar yaya, ko da yake maƙwabtaka ce kawai tsakaninmu. "Ko su kika zo dubawa?"

Na dire kwanon miya, na yi kamar ban ji ba. Gaskiya ya faɗa. Shekara ashirin muna bene ɗaya a Kolkata, ko ruwa ban taɓa kai masa ba sai da likita ya ce huhunsa ya gama aiki.

Ɗan jarida ne, kuma marubucin waƙoƙi marasa kai da gindi. Farashin albasa, tallan magani, faɗan maƙwabta har da sunayensu, duk zubawa yake a ciki. Telan da ke ƙasanmu sai da ya bar unguwa bayan ya ga kansa a wata mujalla.

Ni kuwa mijina ya rasu, kuma a gidanmu wadda mijinta ya mutu ta yi sallama da kifi har abada. Yayar mijina, Sabitri, a ɗakinta nake raɓe, kuma da ta ji na ci kifi kayana za ta watso titi. Duk Alhamis in ta tafi wurin ibada nakan soya ɗan kifi in ci a tsaye, in ƙunshe ƙayar a tsohuwar jarida. Wata rana ƙunshin ya faɗi a matakala, Ashesh-babu ya tsinta. Ya miƙo min ya ce, "Shafin da nake rubutu ne. Yau dai ya yi amfani." Tun ranar nake tsoronsa.

"Ka rubuta?" na tambaye shi yanzu.

"Me?"

"Ka sani sarai."

"Ni komai rubutawa nake, Boudi. Ita ce cutar tawa ta gaske." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ranar Talata da hantsi ya cika. Abokansa suka kwashe littattafan a buhun shinkafa, cikin kwana goma suka buga littafin waƙoƙinsa na ƙarshe. Na saya, na karanta sau biyu a bayan ƙofar kicin. Babu sunana. Ban yarda ba, mutumin nan bai taɓa barin magana ta kwana a cikinsa ba.

Ranar da aka tashi daga makoki, wadda a al'adarmu dangin mamaci ke komawa cin kifi, ƙanwarsa Mitali ta gayyaci duk mutanen bene. Mu da mazanmu suka mutu, har da Sabitri, aka jera mu gefe, shinkafa da ganye kawai. Mitali ta tula min shinkafa, ta danna ta da ludayi.

"Yaya ya ce in zuba miki da hannuna," ta ce a hankali, ta wuce.

Na sa hannu. A ƙarƙashin shinkafar yatsuna suka taɓa wani abu mai laushi, da ɗumi, da ƙaya. Sabitri tana kusa da ni tana mitar gishiri ya yi yawa. Na bar yatsuna a wurin, ina kallon bayan Mitali.